Koren Ɗigo a Zanen Rijiyoyi

Yaya: Salamu alaikum. Auta, kana jina?

Auta: Wa alaikumus salam, Yaya Dakta! Ina kwana? Ya ruwa?

Yaya: Ruwa ya yi gyara. Tun asuba ake yi, har ta tagar ofis yake shigowa. Ya iyali?

Auta: Lafiya ƙalau. Ya ƙafar taki?

Yaya: Da sauƙi. Ka buɗe fayil ɗin da na turo maka?

Auta: Na rijiyoyi? Ga shi a gabana.

Yaya: To, a zanen, shuɗin ɗigo ruwan da muka auna da damina ne, rawaya na rani. Kashi biyu kawai. Sai ga kore a tsakiya, kusan talatin. Ma'aikacin ɗakin gwajina ya haɗa min kwalaben ruwan, na kuma faɗa masa haka jiya a gaban taro.

Auta: Ya haɗa me? Layin yana yankewa.

Yaya: Kwalabe!

Auta: Tsaya, Yaya. Duba inda aka rubuta alfa, wurin saita kaurin launi a kwamfutar. Nawa kika sa?

Yaya: Rabi. Don a ga ɗigon da ke ɓoye a ƙasa.

Auta: Mayar da shi ɗaya, ki sake zanawa.

Yaya: To... Innalillahi.

Auta: Me kika gani?

Yaya: Babu kore ko ɗaya.

Auta: Ai kin mai da launin shara-shara ne. Shuɗi ya hau kan rawaya, ana hango na ƙasa. Yaya, ke fa kika koya min haɗa fenti muna yara!

Yaya: Kar ka yi dariya, don Allah. Shekara ashirin mutumin nan yana aiki da ni, bai taɓa ɓata min samfuri ba. Da na faɗa masa jiya, hularsa kawai ya gyara.

Auta: Sai ki ba shi haƙuri, shi ke nan.

Yaya: Na rubuta wa shugaban sashe wasiƙa a kansa.

Auta: Ki yaga ta mana.

Yaya: Ƙarfe takwas na ba masinja. Na sa hannu, na buga hatimi.

Auta: Kai, Yaya!

Yaya: Tsaya, ana ƙwanƙwasawa. Shi ne. Ya kawo min littafin kwalaben in duba.

Auta: To me za ki ce masa?

Yaya: Ban sani ba. Shigo, Malam. Bismillah, zauna. A'a, a kujerata.

Auta: Yaya? Halo?