Balas Biyu a Leda Ɗaya

A kan bencin shagon kayan mota, wani direban tasi yana jiran mai shago, sai ga wani mutum ya zauna kusa da shi, riƙe da ƙananan akwatunan ƙarfe biyu a leda.

"Malam, ka san balas? Wai shi ke ba ƙwan fitilar gaba wuta."

"Ina dai ji ana faɗa. Me ya same shi?"

"Fitilar hagu ce ta ɗauke. Mai gyara ya musanya akwatunan, sai ta hagu ta kama, ta dama ta mutu."

"To, gyara ya yi ko ɓarna?"

"Ni ma haka na tambaye shi. Wai gwaji ne, ciwon ya bi akwati. Ya ce in kawo mataccen a canza min. Na kwaso duka biyun, kada mai kyan ya ɓace."

Direban ya jujjuya su. Iri ɗaya sak, sai sheƙi suke.

"Wanne ne mataccen? Ai sukan ja masa layi da alli."

Mutumin ya dubi hannun rigarsa.

"Na ɗauka datti ne, na goge. Surukina ba ya son ƙazanta a kayansa."

"Au, motar surukinka ce? Kira shi mana ka gaya masa."

"In ce masa me? Shi a saninsa tana gida a lulluɓe."