Jirgin Panyu Bai Jira Ba

A tashar jirgin lantarki ta Panyu, can ƙasar waje, shekarar wasannin Olamfik, wani ɗan kasuwar Maradi ya tarar da Rukayya tsugune gaban kayanta, ta rufe fuska da mayafi.

"Hajiya, lafiya?"

"Babana na zaunar a cikin jirgi ya kama mana wuri, na koma ɗauko kaya, sai ya tafi da shi. Na ɗauka sai ya cika zai tashi."

"Irin na Japan ne, baiwar Allah, ba motar Wudil ba. Ba ya jiran kowa."

"Rage murya, Alhaji, don Allah. Tun rasuwar Inna hankalinsa ya gushe. Ni na ƙi barin sa a Kano, wai na fi kowa kula."

"Ya san sunan tashar da zai sauka?"

"Sunana kaɗai ya sani."