Wai Gwamnati Ke Tsoron Mai Faci

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Badarawa nake.

Maƙwabcina Bakano ne, yana faci a Kawo. Ya kira wani Bazazzagi "bawana" a dandalin sada zumunta, wasan da muka gada kaka da kakanni. Kamfanin ya ɗauka zagi ne, ya rufe masa shafi. Tun ranar yake hura hanci, wai gwamnati ce ke tsoron bakinsa.

Malam, a tambayar mana lauyoyi, kamfani gwamnati ne? Ni dai na faɗa masa a gaban matarsa: gwamnatin da ta manta da kwatar layinmu, ina za ta san mai facin da 'ya'yansa kaɗai ke karanta shi?

Ina gaishe shi, na san yana ji.