Giram Ɗari Biyar na Madara

A wata inuwa kusa da Gobarau, Sagir ya tsaya gaban ƙwaryar Hajjo mai madara, idonsa na kan waya.

"Baiwar Allah, giram ɗari biyar nike so. Ludayi nawa ke nan?"

"Malam, sau uku ina gaya maka, ni ludayi na sani. Kilo sai mahauta."

"Ai waya ta ce sai an auna daidai kunun zai yi. Yara na jira!"

"Ina matar gidan? Ita da ido za ta auna."

"Tana gidansu."

"Lafiya?"

"Sikeli kawai na sayo, na ce ta riƙa auna komai kafin ya shiga tukunya."

Hajjo ta ja faifai ta rufe ƙwaryarta.

"To je ka sikelin ya dama maka kunun. Kauce, ka tare mini masu saye."