Izu Sittin Don Soja Faïçal

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Ousseini, Malam Abdurrahim, limaminmu kuma malamin 'ya'yanmu, dattawan biro, wato kwamitin ƙungiya, iyayena mata da ke can baya suna gadin kulolin shinkafa, 'yan'uwanmu na Najeriya da na Gana, waɗanda ba su taɓa barin mu mu kaɗai ba, a biki ko a makoki, jama'ar Greensboro maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar ƙanwa ga yayyenta.

Na gode da aka ba ni lasifika, ko da yake na ga hannun shugaba ya ɗan yi nauyi wajen miƙowa. Sunana Ramlatou, matar marigayi Djibrilla mai tasi. Da yana raye shi zai tsaya a nan, kuma da ya fi ni taƙaitawa, don ni da kitso da surutu kuka san ni.

Maganata a kan ɗana Faïçal ce. Ya shiga sojan Amurka, yana barikin Fayetteville, ranar Alhamis kuma za a kwashe su zuwa Iraƙi. Al'adarmu a garin nan, duk wanda zai yi tafiya mai nisa, ko za a yi masa aiki a asibiti, mukan taru mu raba izu sittin, kowa ya ɗauki nasa, mu sauke masa Alƙur'ani kafin abinci ya huce. Na roƙi a yi wa Faïçal. Biro ya zauna, ya aiko mini cewa ba a yin sauka ga wanda zai ɗauki bindiga ya shiga ƙasar Musulmi. Ban zo yin faɗa ba. Na zo ne don kaina ya ɗaure, kuma ba ni da inda zan kai shi a kwance mini sai gabanku.

Abu na farko, ku sani ban yarda da yaƙin nan ba. Da yawa a cikinku kun gan ni a titin Elm riƙe da kwali, tare da Turawa da baƙaƙen fata, muna cewa a daina. Ranar da yaron ya gaya mini ya shiga soja, sai na zauna a ƙasan kicin. Tun daga lokacin ban san fuskar da zan sa ba. Wata Ba'amurkiya ta zo kitso shagona, ta ji labari, ta rungume ni tana yi mini godiya saboda hidimar ɗana ga ƙasa. Ban san abin da ake amsawa ba, sai na ce mata amin. Da yamma yayata ta bugo waya daga Damagaram tana kuka, wai na haifi wanda zai je ya harbi masu salla. Da safe an gode mini, da yamma an zage ni, kuma a kan yaro ɗaya ne.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi hana ni sukuni, shi ne maganar tuta. Dattawa, kun tuna makon da dogayen benayen New York suka faɗi. Kun tuna yadda matanmu suka daina fita da mayafi, yadda fasinja ke leƙa sunan mai tasi ya fasa shiga. A wannan zauren muka taru, biro ya sayo tutocin Amurka katan guda, aka raba mana kamar goro, aka ce kowa ya kafa a ƙofar gida, ya liƙa a mota. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi mana rana. Mu manya duk mun san tsoro ne ya sa muka kafa. Amma wa ya zaunar da yara ya gaya musu?

Faïçal yana ɗan lakwal, ɗan makaranta, a lokacin, ubansa ya ɗaga shi ya ɗaura tutar a gidanmu na McLeansville. Tsohon Baturen da ke maƙwabtaka da mu, wanda ya yi yaƙin Biyetnam, ya koya masa cewa ba a barin ta ta taɓa ƙasa, ya koya masa yadda ake ninke ta. Hadari na tasowa sai ku ga yaron ya fita da gudu ya sauke ta, shanyata kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Ni da ubansa muna ta dariya, muna cewa Ba'amurke ya tashi. Mu mun kafa don a ƙyale mu, shi ya ɗauka don muna so ne, sai ya so ta da zuciya ɗaya, yadda yaro ke son abin da ya ga iyayensa sun girmama. To ku faɗa mini, laifin na wane ne? Na yaron da ya gaskata mu, ko namu da muka yi abin da dole ta sa? Wallahi ban sani ba.

Malam, addu'ar ma ta gagare ni. In na ɗaga hannu zan ce Allah ya ba sojojin Amurka nasara, sai in tuna uwar da ke Bagadaza, harshena ya ƙi. In zan ce Allah ya karya su, ɗana na cikinsu. Gaba kura, baya siyaki. Abin da kawai bakina ya iya furtawa shi ne: Ya Allah kada ya kashe ɗan kowa, kada ɗan kowa ya kashe shi. In wannan addu'a haramun ce, ku malamai ne, ku gaya mini a gaban jama'a in daina.

Na ƙarshe. Babu saukar da aka yi a garin nan da yaron bai karanta izunsa ba. Ya karanta wa masu zuwa hajji, ya karanta wa wanda ya tafi ƙara aure, ya karanta wa motar da aka sayo sabuwa. Jiya ya tambaye ni da Turancinsa, kalma ɗaya ce tak ta Hausa a cikin maganar: sauka. Yana so ya san ko za a yi tasa. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da wanke-wanke.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sun kuma ce ɗa na kowa ne. Ga akwatin izu na ajiye a kan teburin nan. Na ɗauki ɗaya. Karatuna kun san shi, da tsufa na koya, da yatsa nake bi. In ni kaɗai ce, Alhamis za ta zo ta wuce ban kai rabi ba.

Faïçal yana waje cikin mota, sanye da kakinsa, tun kafin a buɗe taro. Na ce ya shigo, ya ce a'a Mama, sai in an kira shi. Ni ba zan fita in kira shi ba, don ba kirana yake jira ba.

Allah ya kashe wutar yaƙin nan. Allah ya tsare 'ya'yan mutanen Iraƙi, ya tsare namu. Allah ya jiƙan Djibrilla da dukkan magabatanmu, ya haɗa kanmu a wannan ƙasa da har yau ban san ko tamu ce ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, har da wanda ke zaune a mota.

Na gode.