Kwaɗon Saman Bene

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan zama, dattijon gidanmu, Alhaji Muntaka. Mai girma Malam Na'ibi, mai ja mana salla duk ranar da liman ya yi nisa. Ɗan'uwana kuma maƙwabcina Abdulwahid, wanda kokensa ne ya tara mu. Iyayenmu mata da ke bayan labule, waɗanda na tabbata sun fi mu kasa kunne. 'Yan'uwa mazauna unguwar Kurayyat a nan Jidda, da waɗanda suka taso daga Sharafiyya da Ruwais cikin wannan zafi na bayan la'asar: Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan Juma'a. Ina godiya ga Alhaji da ya shimfiɗa mana tabarmi a tsakar gidansa, ina kuma godiya gare ku da kuka ga na isa a aike ni, alhali ni ban ga hakan ba. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Lado, mai gyaran takalma a bakin titi a Sharafiyya. Na zo umara shekara goma sha tara da suka wuce, kuma kamar yadda kuke gani, har yanzu ban gama ba.

Ga wanda bai halarci zaman makon jiya ba, ga abin da ya faru. Abdulwahid ya kawo kuka cewa kullum ƙarfe bakwai na safe yaran gidan nan suna hawa saman bene su ƙwala ihu da murya ɗaya, har mutanen benen da ke kallonmu sun fara ɗaga labule. An bincika, aka ce wani katun ne na ƙasar Japan ya shiga kan yaran, aka kuma ce uwar tafiyar ita ce 'yata Mastura, mai shekara goma sha biyar. Sai wannan zama ya ɗora mini aiki biyu: in kalli katun ɗin in kawo rahoto, sa'an nan in rufe ƙofar saman bene. Alhaji ya ba ni kwaɗo da hannunsa. Jama'a, kwaɗon nan yana cikin aljihuna, ƙofa kuma tana buɗe. Zan faɗi dalili cikin magana uku, idan Allah ya sa ni kaina na gane dalilin kafin in kai ƙarshe.

Magana ta farko, katun.

Maiɗakina Saudatu tana aiki a wani gida a Ruwais. 'Yan matan gidan ne suka tattara tsofaffin littattafan makarantarsu da wasu faya-fayai suka ba ta, a nan abin ya fito. Sunansa kada ku tambaye ni, ya fi ƙarfin bakina. Yini uku na naɗe shimfiɗata tun azahar, na bar takalman mutane, na zo na zauna gaban talabijin. Magana da Japananci, rubutu a ƙasa da Larabci, Mastura tana karantawa tana juya mini da Hausarta, wadda kun san rabinta Larabci ce. Kashi goma sha ɗaya na kalla. Wallahi tallahi, jama'a, ban gane ba.

Labarin 'yan makarantar sakandare ne. Idanunsu kamar faranti, gashin wata shuɗi, na wata kore. Na ce ciwo ne? Mastura ta ce, "La, ya Baba, haka suke." Idan ɗaya ta faɗi maganar wauta, sai duk ajin su zube ƙasa ƙafafu a sama. Na yi salati, na ɗauka farfaɗiya ce, kafin in rufe baki sun miƙe garau. Idan wata ta ji kunya, sai ɗigon gumi guda ɗaya mai girman ƙwan kaza ya tsaya mata a gefen kai, ba ya faɗuwa, ba ya bushewa. Mu da muke Jidda mun san gumi, amma irin wannan ban taɓa gani ba.

Na zauna ina jiran mugu ya fito. Kashi na ɗaya babu mugu, na biyu babu mugu. Na jira a yi sata, na jira a yi faɗa, na jira ko aure a ɗaura, shiru. Akwai kashi guda cur da ba a yi komai a cikinsa ba illa wata yarinya ta manta da ƙunshin abincinta a gida, ƙawayenta suka tsakura mata nasu. Shi ke nan, aka sa waƙa aka tashi. Na juya in tambayi Mastura ina labarin, sai na tarar tana dariya har da hawaye. Na ce, "Ke, mene ne abin dariya?" Ta ce, "Ya Baba, ai makaranta ce." Kamar wannan amsa ce.

Tun da amana aka ba ni, zan faɗi aibin da na gani. Siket ɗinsu gajere ne, wannan na gani, kuma na yi tir. Suna rusuna wa malamarsu kamar mai ruku'u, Malam Na'ibi ya fi ni sanin hukuncin wannan. Malamar kuwa, Allah ya shirye ta, kullum a makare take zuwa. Yara za su shigo, su cire takalma su jera a wasu akwatuna a bakin ƙofa, su share aji da kansu, su buɗe littafi, kujerarta tana nan wayam. Sai can ta faɗo a guje tana haki. Ku riƙe mini wannan malama, za mu dawo kanta. Iyakar rahotona ke nan a kan katun: ban ga tsafi ba, ban ga zagin addini ba, ban kuma ga abin dariya ba.

Magana ta biyu, tsoro.

Ba na son kowa ya tashi daga nan yana ganin baƙin Abdulwahid. Gaskiya ya faɗa. A gidan nan ɗaki nawa ne ke da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan? Wanda ke da kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya masa, ya ɗaga hannu mu gani. To, kun gani. Mu mutane ne da muka koyi tafiya a jikin bango, muka koyi rufe ƙofa a hankali, muka koyi yin tari cikin hannun riga. Bara waccan hukuma ta kama maƙwabcinmu Hussaini ta mayar da shi ƙasarmu shi da iyalinsa, kuma abin da ya jawo ido kansu bai kai ihun yara goma sha huɗu ba. Ni ma ina tsoro. Duk motar da ta rage gudu a gaban shimfiɗata, sai basilla ta soke ni a yatsa. Saboda haka da aka miƙo mini kwaɗo ban yi musu ba, na ce shi ke nan, gobe a rufe.

Magana ta uku, kuma ita ce ta rikita ni: abin da na tarar a sama.

Ranar Laraba bayan na dawo daga asuba na zauna har gari ya waye, na ɗauki kwaɗo na fara hawa. Hawa huɗu ne, gwiwata kuma kun san halinta. Kafin in kai, na ji ihun nan ya tashi ya sauka. Da na isa bakin ƙofa, abin da na fara gani shi ne sana'ata. An jera kwalayen ruwa a kan juna, an yanka musu baki, kowane gurbi da silifas a ciki, kowane gurbi da suna. Iyayenmu mata da ke cigiyar silifas ɗin yara kullum safe, to ga inda suke kwana. Na san takalman nan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ban ɗinke ba. Gurbi ɗaya ne babu komai a ciki. Daga baya na tambaya, aka ce na Dela ne, 'yar Hussaini. Dela ta tafi tun kafin a fara wannan abu, amma sun yi mata gurbi, wai ko za ta dawo.

Na tura ƙofa. Saman benen nan da muka sani da tarkacen tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki da kashin tattabaru, an share shi tas. An ɗaura tsohon zanin gado an yi inuwa. Yara goma sha huɗu, mata da abayoyinsu a gefe guda, ƙananan maza a gefe guda, kowa da kwali a gabansa a matsayin tebur, kowa da littafin da 'yan Ruwais suka zubar. Mastura tana zagayawa tana duba musu lissafi. A gaba kuma, kusa da tankin ruwa, ga wata farar kujerar roba mai karyayyen hannu, babu kowa a kai.

Na yafito ta, na ce, "Ke ce malamar?"

Ta ce, "La, ya Baba. Ni shugabar aji ce bas."

Na ce, "To wannan kujera fa?"

Ta ce, "Ta ustaz ce."

Na ce, "Wane ustaz? Yana ina?"

Ta ce, "Ya makara. Zai zo."

Na ce, "Tun yaushe ya makara?"

Ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Wata bakwai."

Jama'a, ban san ko dariya zan yi ba. Yarinyar nan a Jidda aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba, domin makaranta takarda take tambaya, ni kuwa ba ni da takarda. Tana da shekara bakwai ta tambaye ni me ya sa motar 'yan makaranta ba ta tsayawa a ƙofarmu, na ce mata direban bai san gidan ba. Ashe duk abin da ta sani game da makaranta, a katun ɗin nan ta gani. Ta ga ana cire takalma, ta sa an cire. Ta ga ana shara, ta sa an share. Ta ga malama tana makara amma tana zuwa, sai ta ajiye kujera.

Na ce, "Ihun nan da kuke yi fa, na mene ne?"

Ta ce, "A katun rusunawa suke yi, ya Baba. Mu kuma ba ma rusuna wa kowa sai Allah. Sai muka canza."

Ban tsaya jin abin da suka canza ba, domin ciwon gwiwata ya motsa. Na duba babu wurin zama sai kujerar nan, sai na zauna. Allah shi ne shaidata, don gwiwata na zauna.

Ina zama na ji Mastura ta ce, "Yalla, ƙiyam!" Yara goma sha huɗu suka miƙe tsaye lokaci guda, suka dube ni, suka haɗa baki: "Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu!"

Wannan shi ne ihun, Alhaji. Wannan shi ne ihun, Malam Abdulwahid. Daga ƙasa ba a jin kalmomin, amo kawai ake ji. Wata bakwai 'ya'yanmu suna yi wa kujera sallama, mu muna ƙasa muna toshe kunne.

Kun san Musulmi ba ya jin sallama ya yi shiru. Bakina ya riga tunanina, na ce, "Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu." Yaran ba su zauna ba, ba su san abin da ake yi bayan an amsa ba, domin ba a taɓa amsa musu ba. Suka tsaya suna kallona suna jira in fara darasi. Ni Lado, da ko sunana ban iya rubutawa ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na laluba aljihu ko zan sami abin nuna musu, hannuna ya faɗa kan kwaɗo. Na tashi na ce su ci gaba da karatu, na sauko. A hawa na uku na zauna na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

To, ga ni gabanku a rikice. Idan na ce a rufe, na san abin da na rufe. Idan na ce a bari, na san abin da zai iya hawowa ta wannan matakala. Abdulwahid yana da gaskiya, Mastura tana da gaskiya, ni da aka aika in raba gardama na dawo da ita ninki biyu. Na roƙi yaran su riƙa sassauta murya, sun yarda, jiya ma ba wanda ya ji su. Amma ban yi muku alkawarin wannan ya kawar da haɗari ba.

Abin da na sani kaɗan ne. Na san kujerar nan ba tawa ba ce. Na san a cikin masu saurarona akwai wanda ya koyar a firamare shekara tara kafin ya zo nan ya kama wankin mota. Malam Na'ibi, ban ambaci suna ba. Na san a bayan labulen nan akwai wadda ta yi kwalejin horon malamai, yau tana sayar da gyaɗa a bakin masallaci. Ban ce dole ba, kowa da uzurinsa, kowa da tsoronsa.

Alhaji, ga kwaɗonka, ga makullinsa, na ajiye a gabanka. Aikin farko na yi shi gwargwadon fahimtata, na biyu ya gagare ni, ku yafe mini. Idan wannan zama ya yanke a rufe, ba zan ja da manya ba, a ba wani ya je ya rufe. Roƙona guda: kada ya je da rana tsaka lokacin da babu kowa. Ya je ƙarfe bakwai na safe, ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya zauna a kujerar nan, ya amsa musu sallama tukuna. Bayan nan, idan hannunsa ya iya, ya rufe.

Allah ya rufa mana asiri a wannan ƙasa mai alfarma. Allah ya kawar da idon sharri daga ƙofarmu, ta ƙasa da ta sama. Allah ya kai rahama ga Hussaini da iyalinsa a inda suke. Allah ya saka wa shugabanninmu da alheri, ya ba wannan zama ikon yanke abin da ba za mu ji kunyarsa ba gobe. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimin da mu ba mu samu ba. Wanda ya makara kuma, Allah ya kawo shi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.