Katunan Manaja

A ɗakin jiran wani kamfani, masu neman aiki sun jeru a benci. Wani mai furfura ya juya ga saurayin da ke gefensa.

"Ƙanena, yau ka fara zuwa intabiyu ko?"

"Yau ne, Yaya."

"Na ga alama. To, kada ka fito ba ka roƙi katin manaja ba. Amma ba daga shigarka ba, sai an gama tambayoyi. Ka karɓa da hannu biyu, ka karanta kamar ka ga abin mamaki. Kuma kada ka cusa shi a aljihun baya, ka zauna a kan sunan mutum."

"In ya ce ba shi da shi fa?"

"Yana da shi, a aljihun hagu yake sawa." Ya zaro katuna ɗaure da roba. "Wannan lokacin yana ƙaramin ma'aikaci ne. Wannan da ya zama mataimaki. Mai ruwan zinaren nan kuwa da aka ba shi manaja."

"Duk a nan ya ba ka?"

"Hannu da hannu. Bara har cewa ya yi bai taɓa ganin wanda ya iya karɓar kati kamata ba."

"To aikin fa, Yaya?"

"Ku yaran yanzu gaggawa gare ku. Sai an saba tukuna."

Sakatariya ta leƙo ta kira saurayin. Mai furfura ya riƙo masa hannun riga.

"An ce ya zama darakta. In katin sabo ne, karɓo biyu, wataƙila yau ba za a zo kaina ba."